Gichuki Yana Jira Cikin Ƙanƙara

Wangechi na durƙushe a kicin ɗin surukarta da hantsin Asabar, tana kirɓa dankali da masara da ganyen kabewa, hayaƙi na cika mata ido, sai ga tsohuwar ta shigo tana ɗaga wata takarda sama. Maitu Wamuyu ke nan (Maitu a yarensu uwa ake nufi), uwar mijinta, shugabar matan coci a ƙauyensu da ke kusa da Othaya. Mace ce da in ta yi tari a bakin ƙofa, kajin gidan ma sai sun nutsu.

Ba ta ko zauna ba ta fara. Ranar Alhamis kwamitin majalisa zai zo ɗakin taro na gari don jin bakin jama'a kan gyaran dokar dashen ciki, wato haɗa ƙwan haihuwa a asibiti a dasa wa mace, kuma ita fasto ya zaɓa ta yi magana da yawun mata arba'in. Wani ɗan majalisa ne ya kawo gyaran, wai a hana ajiye ƙwan haihuwa a daskare. Wanda aka riga aka ajiye kuwa, in ba a dasa shi cikin wata shida ba, a zubar ko a miƙa wa masu bincike.

“Mu muna goyon baya,” in ji Maitu. “Ɗan da aka haɗa a kwalba sunan wa zai ci? Wane kaka ne ya dawo a jikinsa? Ba shi da asali.”

Tana faɗin haka ta jawo jikarta 'yar shekara huɗu ta ɗora a cinya, tana ɓare mata ayaba. Yarinyar ita ma Wamuyu ce, don 'yar fari sunan uwar miji take ci, ɗan fari kuma sunan uban miji. Maitu ba ta ma kiranta jika. Cewa take “ni ce wannan”, kuma da gaske take.

Muciya ta kusa kuɓuce wa Wangechi. Abin da tsohuwar ba ta sani ba, wannan da take ɓare wa ayaba a kwalba aka haɗa ta, a wani asibiti a Nairobi.

Shekara takwas Wangechi ta yi a gidan nan ba ko ɓatan wata. Habaici kuwa ta sha shi har ya zame mata abinci. In aka haifi maraƙi sai Maitu ta ce ko saniya ta san abin da ya kawo ta gidan mutane. Da suka je Nairobi a ɓoye, likita ya ce ita lafiyarta lau, matsalar daga mijinta Ndirangu take. Ran nan Ndirangu, malamin makaranta guda, ya kife kai a cinyarta cikin motar haya yana kuka kamar yaro. Ta share masa hawaye, ta rantse masa wannan magana da ita za a binne ta. Tana sonsa, ba ta da wani dalili bayan wannan.

Ƙwai biyu aka samu. Ɗaya ya zama Wamuyu, ɗayan yana can a daskare yana jira. Ga shi watan jiya aka cire wa Wangechi ƙari a mahaifa, likita ya ce kada ta kuskura ta ɗauki ciki sai bayan shekara cur. In gyaran nan ya wuce, wata shida ba za su ishe ta ba.

Da la'asar ta tarar da mijinta a gonar shayi, ta faɗa masa ranar Alhamis ita ma za ta tashi ta yi magana. Ndirangu ya diririce. Ya ce wataƙila gyaran ba zai wuce ba. Ya ce Maitu tana da hawan jini. Ya ce in asiri ya tonu, da wane ido zai kalli ɗalibansa? Ya kama hannunta yana ta “sori, sori, masoyiya”, wai ta ƙara haƙuri kaɗan.

“Haƙuri na yi shi, Ndirangu, har ya gaji da ni,” ta ce. “Sunanka ba zai fito daga bakina ba, na riga na rantse. Su ci gaba da cewa ni ce juya, na saba. Amma a zubar mini da ɗa ina zaune ina tafi, wannan kam ban iya ba.”

Ya ce to in Maitu ta kore su daga gidan fa? Ta ce sai ta kora. Ta zare hannunta ta juya, tana tafe tana kuka, amma ba ta waiwaya ba. Kwana huɗu suka yi suna gaisawa kamar baƙi, abin yana cin su duka biyun.

Alhamis ɗakin taro ya cika maƙil. 'Yan kwamiti na zaune a dogon tebur da robobin ruwa a gabansu, matan coci sun cika layuka uku da shuɗin kallabinsu. Wani likita ya yi bayani, wata lauya ta yi nata, rabin jama'a na gyangyaɗi. Da Maitu ta karɓi makirufo kowa ya farka. Ta karanta takardar da fasto ya rubuta mata, ta ƙara da nata gishirin, ta ce mutum ba nama ba ne da za a sa a firiza, kuma 'ya'yan kwalba ba su da kakanni. Tafi ya kaure.

Tafin bai gama mutuwa ba Wangechi ta miƙe. Ta karɓi makirufo, ɗinkin cikinta na ja, ga Wamuyu ƙarama riƙe da gefen siket ɗinta. Ta faɗi sunanta, sannan ta dafa kan yarinyar.

“Ga ɗaya daga cikin marasa asalin nan, ku kalle ta da kyau. Tana cin ayaba, tana fitsarin kwance, ta haddace waƙoƙin coci uku. Ɗan'uwanta yana Nairobi a daskare, ni kuma ba zan iya ɗaukarsa ba sai baɗi. In kuka sa hannu a gyaran nan, ku kuka zubar da shi. Ban hana mai son bai wa masu bincike nasa ya bayar ba. Amma nawa, ni uwarsa ce, ni za a tambaya.”

Ɗakin ya ɗauki ƙus-ƙus. Maitu ta daskare a kujerarta. Wanjugu, mataimakiyarta, wadda ta daɗe tana hangen kujerar shugabanci, ita ta fara ɗaga murya don kowa ya ji. Ta ce ashe dama juyar ba ta warke ba, dabara aka yi. Ta ce wa ma ya san jinin wa aka zuba a kwalbar?

A nan ne Ndirangu ya tashi daga layin baya. Wangechi ba ta ma san ya zo ba. Ya ratso mutane, gumi ya jiƙa masa kwalar riga, ya karɓi makirufon daga hannun matarsa.

“Jinina ne,” ya ce. “Kuma matata ba juya ba ce, ba ta taɓa zama ba. Ni ne mai matsalar. Shekara goma sha uku tana ɗauke da zagin da ni ya kamata a yi wa, ni kuma ina laɓe a bayanta. Maitu, ki yafe mini. Wangechi, ke ban ma san da bakin da zan roƙe ki ba.”

Wangechi ta fashe da kuka, irin kukan da ta jima tana haɗiyewa. Wanjugu kuwa, maimakon ta kama bakinta, sai ta matso kusa da Maitu cikin muryar tausayi, wai an cuce ta, ta karɓe sunanta daga kan yarinyar nan tun wuri, a sa mata wani.

Wannan ce ɓarnar da Wanjugu ta yi wa kanta. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san suna ba riga ba ce da ake arawa. Wanda ya ce a cire sunan kaka daga kan takwararta, kakar ya ce ba kowa ba ce. Maitu ta juyo a hankali ta kalle ta sama da ƙasa.

“Ke Wanjugu, ni kike cewa ba ni da asali?”

Ta miƙe ta saɓa jikarta a kafaɗa, ta nufi teburin kwamiti, ba wanda ya ba ta izini. Ta ajiye takardar fasto a gaban shugaban, ta ce ya mayar wa mai ita. Ta ce ita karatunta bai yi nisa ba, abin da aka rubuta mata ta karanta, ba ta san kanta take zagi ba. Sannan ta juya ga ɗanta ta tambaye shi, wanda ke cikin ƙanƙarar, in namiji ne, sunan wa zai ci? Ndirangu ya ce Gichuki, mahaifinsa, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce.

“To ku rubuta,” ta ce wa kwamitin. “Wamuyu babba ta ce mijinta yana jira a Nairobi, kuma duk wanda ya taɓa shi, da ni zai yi.”

A gida Maitu ba ta yi wa kowa magana ba har kwana biyu. A na uku ta sami ɗanta ta wanke shi tas, ta ce namijin da ke bari a zagi matarsa kan laifinsa bai gama zama namiji ba. Daga nan ta shiga kicin, ta karɓe muciya daga hannun Wangechi, ta ce, “'Yata, zauna. Maganar saniyar nan da na yi, ban manta ba, ke ma na san ba ki manta ba. Ki yafe mini.” Suka rungume juna suna kuka cikin hayaƙi.

Abin bai zo wa Maitu da sauƙi ba. Kafin wata ya ƙare an sauke ta daga shugabanci, wasu matan suka daina gaishe ta a kasuwa. Ko a jikinta. Mata uku daga cikin masu shuɗin kallabin kuwa sun zo wurin Wangechi a ɓoye suna tambayar sunan likita. Da kwamiti ya gama zagayen garuruwa, aka sake rubuta wannan sashe na dokar, aka bar wa iyaye hukuncin ƙwansu, don ashe irin su Wangechi suna da yawa.

Da shekara ta zagayo aka dasa wa Wangechi ƙwan, shekara biyu ba ta cika ba ta sauka lafiya. Mace ce, ba Gichuki ba, kuma 'ya ta biyu sunan uwar mata take ci, don haka sunan mahaifiyar Wangechi ta ci, Nyawira. A al'adarsu guɗa huɗu ake yi wa mace, biyar wa namiji. Maitu ta tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa ta rangaɗa huɗu, ta ja numfashi, ta ƙara ta biyar. Da ungozoma ta leƙo ta ce mace ce fa, Maitu ta ce ta sani, ta biyar ɗin ta uwar ce.

'Yan'uwana mata, haƙuri abu ne mai kyau, kuma Allah ba ya tozarta mai yinsa. Amma haƙuri ba shi ne kame baki a zubar maka da ɗa ba. Ku kuma maza, kada ku bar matar da ta rufa muku asiri ta tsaya ita kaɗai a gaban jama'a.