Kwalin Hajiya Mansura

Ga ta nan, ga ta nan gare ku.

Ta iso, muna ji.

Wata Asabar da hantsi Hajiya Mansura ta faɗo ofishin Insfekta Ghali a Suleja, gyale a karkace. Ita ce wani kamfanin takarda na Indonesiya ya ba wakilcinsa na Arewa. Kwantenarta ta farko ta iso daga Legas ran Laraba, ran Juma'a lokacin masallaci aka kwashe ɗauri arba'in daga sitonta, kwali mai sheƙi na ƙunshin magani. In ba ta kai wa masu ɗab'i ran Litinin ba, wakilci ya tafi.

Insfekta ya je siton. Kwaɗo lafiya lau. Kayan duk rigarsu iri ɗaya, ruwan ƙasa, amma ɓarawon nan mai tsadar kawai ya tsince. Kowane ɗauri da ya bari an ɗan yage kusurwarsa daidai babban yatsa. Mansura ta ce haka 'yan takarda ke yi, su murza su ji kauri.

Mai gadi, Dauda, ya rantse ko bayan gida bai zaga ba. Insfekta ya kalli sabuwar doyar da ke jingine a ɗakinsa.

"Ita doyar ce ta tako ta same ka?"

Dauda ya sosa ƙeya. Ashe Alhaji Khamis, yayan Hajiya, shi ya aike shi Izom sayen doya, ya ce zai duba masa sito.

Shi Khamis ɗin, ku sani, shi ya koya wa ƙanwar tasa sana'ar bayan rasuwar ubansu. Insfekta ya same shi a shagonsa. Ya ce aike kam ya yi, amma daga nan masallaci ya wuce.

"Ka taya ta murnar wakilcin?"

"Murnar me, Yallaɓai? Shekara ashirin da biyar ina yanke yatsu da bakin takarda. Ita ta danna waya, ta yi musu Turanci, shi ke nan ta zama Madam Indonesiya."

Insfekta ya bi tashar motocin kaya yana tambaya. Can wani direba ya ce shi ya kai kwali wani kango a Maje. Mai kayan yana sanye da takunkumi, bai ga fuskarsa ba, amma ya sha fitinarsa: sai da ya sa 'yan dako suka wanke hannu, kuma ya hana a dire ko ɗauri ɗaya sai an shimfiɗa katako.

Da la'asar Insfekta ya kwashi wa da ƙanwa zuwa Maje. Aka yaye tamfol. Ga kwali goma-goma a kan katako, an bar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango don danshi, an gicciye ɗaurin sama.

Mansura ta daɗe tana kallo.

"Jerin Baba ne wannan," in ji ta a hankali. "Mu biyu kaɗai ya koya wa."

Khamis ya zauna a kan bulo. Ya ce makullin siton tun na zamanin ubansu ne yake wurinsa. Ba sayarwa ya yi niyya ba, so yake Litinin ta wuce, kamfanin ya gane mace ba za ta iya ba, su neme shi.

"Na zo da jarkar ruwa in jiƙa shi, Yallaɓai. Da na murza na ji irin kwalin, hannuna ya ƙi."

"Yaya, da ka ce mu haɗa, ai da na yarda."

"A ƙarƙashinki?"

Insfekta ya miƙo ankwa, aka sa shi a mota.

Mansura ta kai kaya ran Litinin, wakilci ya zauna a hannunta. Dauda ya rasa gadi ya koma gona. Khamis ya kwana uku a caji ofis kafin ta janye ƙara, ya rufe shago ya koma Zariya, har yau ba ya ɗaukar wayarta. Insfekta Ghali kuwa yana nan Suleja yana aikinsa.