Gyale Mai Furen Almon

Ranar kasuwar Asabar Maylis ta fara ganinsa. Ya shigo shagon tsarabar mahaifinta a garin Arles na ƙasar Faransa rungume da kwali. Shagon cike yake da kofuna da farantai masu furannin shahararren mai zanen nan da ya taɓa zama a garin, amma duk bugun inji ne. Na cikin kwalin kuwa da hannu aka zana su.

"Sunana Bastien. Ko za ku sa min waɗannan a kanta?"

Ta ɗaga kofi ɗaya. "Wannan furen ai ya yi yaushi."

"Shi ma shahararren mai zanen haka yake zana su. Ke ce dai ba kya kallon kayan shagonku."

Ta yi dariya, ta karɓi kwalin ba tare da ta tambayi kowa ba. Kofunan suka ƙare da wuri, shi kuma ya samu dalilin dawowa, har ya daina neman dalili.

Da rana sai wayarta ta yi ƙara, saƙonsa ne: "Furena, yau na ɓata faranti biyu. Laifinki ne, ke nake tunani."

Ta mayar masa: "Malalaci, koma bakin aikinka. Ni ma na kasa cin abinci."

Da mahaifinta Monsieur Vidal ya gane, sai ya ɗaure fuska.

"Mai zane? Kin san yadda wancan ya ƙare duk da sunansa da muke ci da shi. Yunwa, asibiti, kaɗaici. Ga Cédric mai kawo mana kaya, yaro natsattse, yana sonki."

"Papa, Cédric ko launin idona bai sani ba."

Cédric ɗin ne ya tsegunta mata cewa ya ga Bastien a bakin kogi yana yafa wa wata mace gyalen siliki, suna ta dariya. Maylis ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta daina ɗaga waya, saƙonninsa suka taru ba ta buɗe ba.

Wata safiya wata mace mai tsohon ciki ta shigo shagon, shuɗin gyale a kafaɗarta, zanen fararen furannin bishiyar almon ya barbazu a jikinsa.

"Ke ce Maylis? Ni ce Noémie, yayar Bastien. Ƙanena ya rame, ya ishe mu da tagumi. Wannan gyalen na jaririna ne, Bastien ne ya zana shi, ya yafa min a bakin kogi. Ya ce shahararren mai zanen nan ma furen almon ya zana lokacin da aka yi wa ƙaninsa haihuwa."

Kunya ta rufe Maylis, hawaye suka zubo mata. Monsieur Vidal ya fito daga bayan kanta, ya karɓi gefen gyalen, ya daɗe yana dubawa.

"Wanda ya zauna ya yi wa ɗan da ba a haifa ba wannan, ba zai bar min 'yata ta wulaƙanta ba. Ki ce masa ya zo cin abinci ranar Lahadi."

Ta ɗauko wayarta ta rubuta masa: "Ka yafe min, masoyina."

Amsa ta shigo nan take: "Ina bakin ƙofa. Ni na rako ta."

An ɗaura auren da bazara a ofishin magajin gari, Noémie na rungume da jaririnta. Monsieur Vidal ya haɗa hannayensu, ya ce, "Allah Ya sanya albarka, 'ya'yana. Ku riƙe juna da kyau."