Ruwan Bakolori Ya Yi Doro

A shekarun da aka tare ruwan Bakolori, akwai wata yarinya a Maradun. Tana aji biyar na firamare. Kanta yana ja ƙwarai, sai dai bakinta ya fi kanta sauri.

Babban abokin wasanta shi ne kakanta, Malam Labaran. Kun dai san jika da kaka. Ta ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ya ce mata uwar surutu, su yi ta dariya. Ba mai jin haushin wani.

Malam Labaran yana da amini, wani dattijo makiyayi mai suna Bappa Jibo. Duk ranar Talata, in Bappa ya taso daga kasuwar Mafara, sai ya biyo ta gidan. Su shimfiɗa buzu a zaure, su sha fura, su yi hira har la'asar. Sun fi shekara talatin a haka.

Wata Talata yarinyar ta dawo makaranta kanta a kumbure. Ran nan malaminsu, Malam Tukur, ya koya musu cewa duniya a dunƙule take. Inna ta ba ta fura ta kai zaure. Ta tarar da Kaka da Bappa da waɗansu dattawa uku.

Bappa yana cewa, "Ni na bi shanu tun daga nan har Borgu. Ƙasa shimhiɗe take kamar buzun ga."

Yarinyar ta tuntsire da dariya.

"Haba Bappa! Duniya kamar ƙwallo take. Ko 'yan aji ɗaya sun sani. Bin shanu ya cinye maka kai, tsoho!"

Ta tsaya tana jiran a yi dariya, kamar yadda Kaka yake yi. Ba wanda ya ko motsa. Bappa ya ajiye ludayi. Ya ɗauki sandarsa da malafarsa.

"Malam, a bar mu lahiya," in ji shi. Ya fita.

A cikin gida Inna ta riƙe haɓa. "Ke ɗiyag ga! Bappa kakanki na? Wasan jika ga kakanta ya tsaya. Baƙon gida kinka muzanta gaban mutane."

"To ai gaskiya na hwaɗi," in ji yarinyar, tana turo baki.

Talata ta zagayo. Kaka ya shimfiɗa buzu biyu, aka dama fura. Ya zauna yana kallon hanya har la'asar. Bappa bai zo ba. Wata Talatar ma haka. Kaka bai yi mata faɗa ba, amma ya daina tsokanarta. Wannan ya fi bulala zafi. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji kunya.

Ta je ta gaya wa Malam Tukur komai. Ya saurare ta har ta gama.

"Ke, ta yaya kinka san duniya a dunƙule take?"

"Kai ka hwaɗa mana, Malam."

"To kin gani? Ke ji kinka yi. Shi ko abin da idonsa ya gani yake hwaɗi. Kin nuna masa wani abu?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Malam. Dariya na yi masa."

"Hwara zuwa ki ba shi haƙuri. In ya yarda, ku same ni bakin ruwa ran Asabar da hantsi."

Washegari Kaka ya raka ta rugar su Bappa. Ta durƙusa har ƙasa. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi shanu. Sannan ta ce, "Bappa, na yi maka rashin kunya. Don Allah ka yahe mini."

Bappa ya dube ta. "Na yahe, ɗiyata. Amma ƙasa dai shimhiɗe take."

"Bappa, ka zo bakin ruwa ran Asabar ka duba da idonka. In ba ka ga komai ba, na yi shiru."

Ran Asabar suka haɗu a bakin dam ɗin Bakolori, har da Kaka. Ruwan ya kwanta luf, ba iska. Malam Tukur ya aro madubin hangen nesa wurin abokinsa mai awon ƙasa. Suka hau kan tudu, ya miƙa wa Bappa.

"Bappa, mi kake gani can ƙetare?"

"Giginyu. Ga kuma hwararen shanu suna shan ruwa."

"To mu sauka."

Suka gangara har bakin ruwa. Malam Tukur ya ce Bappa ya kwanta rub da ciki, ya sa madubin dab da ruwan. Bappa ya ɗan yi gunaguni, amma ya kwanta.

"Af! Ina shanun? Giginyun kaɗai nike gani, su ma gindinsu ya nutse."

Ya tashi ya kakkaɓe riga. "Sun gama sha sun koma daji, shi ke nan."

Ya sake hawa tudun yana haki. Ga shanu nan inda suke. Ya sauko, suka ɓace. Sau uku dattijon nan yana hawa yana sauka. Yarinyar ta riƙe masa sanda.

Malam Tukur ya ce, "Bappa, da ƙasa shimhiɗe take, ko kana kwance za ka gan su. Ruwa yana bin lanƙwasar ƙasa. Shi ya tare tsakaninka da su. In ka hau sama, sai ka hango ta kansa."

Bappa ya shafa gemu. "Ikon Allah! Ashe ruwan ga doro gare shi."

Ya juyo wurin yarinyar. "Kada ki yi murna da wuri. Doro na gani, ban ga ƙwallo ba tukuna. Sauran gardama sai ran Talata a zaure. Ke ma ki zo ki zamna, ki kawo hujjarki."

Kaka ya yi dariya har da hawaye. Rabon da yarinyar ta ji dariyarsa kusan mako uku ke nan. Farin ciki ya cika ta.

Tun daga ranar ta gane abu ɗaya. In ka san abin da wani bai sani ba, kada ka yi masa dariya. Ka girmama shi, ka nuna masa ya gani da idonsa.