Loka Mai Lamba Tara

Sufeto yana tsakiyar musu da Sajan wayar ofis ta yi ƙara. Musun kuwa ba na aiki ba ne, na ƙwallo ne. Kulob ɗin garin, wanda Sufeto ke mutuwar so tun yana ɗan makaranta, ya yanke shawarar sayar da filin da yake horar da yara don ya sayi Walƙiya, ɗan wasan gaban nan da hotonsa ke manne a bayan motocin haya.

"Kofi muke nema, Sajan, ba renon yara ba," in ji Sufeto. "Walƙiya kaɗai ya ishe mu."

"Yaran kuma su koma ina, Yallaɓai? Bakin titi?" Sajan ba ta san komai a ƙwallo ba ban da cewa raga biyu ce, amma hakan bai taɓa hana ta tsoma baki ba.

Sufeto ya ɗaga waya. Shugaban kulob ne, yana magana har numfashinsa na sarƙewa. An sace takalman Walƙiya a ɗakin canja kaya, kuma sun riga sun kama ɓarawon.

"Wane ne?"

"Auta."

Sufeto ya ajiye wayar a hankali. Auta shi ne mai saka riga lamba tara, yaron gida ne da ya tashi a wannan filin da za a sayar. Mahaifinsa, marigayi Bahago, shi ya ci wa kulob ɗin kofinsa guda ɗaya tilo.

A harabar kulob, Shugaba ya tare su yana sharce gumi. Kusa da shi wani dogon mutum ne mai ƙamshin turare, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Shi ne Dillali, wakilin Walƙiya.

Shugaba ya yi bayani. An shirya yau Walƙiya zai buga wasan gwaji a gaban likitan kulob da magoya baya, sannan a rattaba hannu. Da safe aka ajiye jakarsa a ɗakin canja kaya aka tafi gaisawa da manya. Ko da aka dawo, takalman sun yi ɓatan dabo.

"A ba shi wasu mana," in ji Sajan.

Dillali ya yi dariya. "Ranki ya daɗe, takalman nan daidai ƙafarsa aka ƙera su. Ba ya saka na kowa. Gwaji dai ya sha ruwa. Ko a sa hannu yau haka nan, ko mu wuce, don akwai kulob ɗin da ke jiran mu da alƙalami a buɗe."

"Shi kuma yaron nan," Shugaba ya ce, "na kore shi. Ku tafi da shi, kotu ta raba mu. Baƙin ciki yake yi don za a karɓe masa lamba."

Ɗakin canja kaya yana warin man zafi da jiƙaƙƙen tawul. Lokoki ne jere jikin bango, duk an shafe su da koren fenti. Ta tara a buɗe take. A ciki akwai wata tsohuwar riga da ta koɗe, a ninke, a kanta kuma takalmi ƙafa ɗaya, na hagu, an yayyanka shi da reza.

Koci, wani dattijo mai furfura, yana zaune a benci ya yi tagumi.

"Baba Koci, wa ya gano takalmin?"

"Baƙon nan, Dillali. Shi ya ce a bincika lokoki. Kafin mu yi magana ya miƙe kai tsaye ya jawo wannan."

"Da me ya buɗe?"

"Da yatsa ɗaya." Koci ya girgiza kai. "Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Ƙofar nan rabon da a buɗe ta tun ranar da muka binne Bahago."

Sufeto ya juyo. "Ba ta Auta ba ce?"

"Ina! Ta babansa ce. Auta riga kawai ya gada. Kayansa ga su can a ƙusa, bayan ƙofa. Wannan lokar ba a buɗe ta. Duk mai fita fili sai dai ya ɗora tafin hannunsa a kanta ya wuce. Duk shekara in za a yi fenti, a rufe ake shafe ta, har fentin ya like bakin."

Sufeto ya durƙusa. A tsakiyar ƙofar fentin ya dushe daidai faɗin tafin hannu. A gefe kuwa, inda ƙofar ke haɗuwa da jikin lokar, an kankare fentin da wani abu mai tsini, ga ɓarɓashinsa nan kore a ƙasa. Shekara da shekaru yana ihu a kan bencin 'yan kallo, bai taɓa sanin wannan al'ada ba, sai ya ji wata kunya ta kama shi.

"Yallaɓai," Sajan ta ce, "ni tambayata ɗaya ce. Takalmi ba ƙafa biyu ba ne? Ina ɗayan?"

An kulle Auta a ɗakin ajiye ƙwallaye. Suka same shi zaune a kan raga da aka naɗe, idanunsa sun yi ja.

"Ina kake da safe?"

"Ina gida, Yallaɓai."

"Maigadi ya ce kai ne ka fara shigowa."

Auta ya sunkuyar da kai.

"Ka ga, ƙanena, ƙarya ba za ta fitar da kai ba. In ka tafi kotu da wannan maganar, ƙwallo ta ƙare maka. Me ya kawo ka da wuri?"

"Sallama na zo yi." Ya goge idonsa. "An ce yau za a ba baƙo lamba tara. Na zo na ɗora hannu a lokar Baba, na ce masa na kasa riƙe masa ita. Sai kuka ya ƙwace mini. Shi ne ba na so a sani, ƙato da ni."

"Ka buɗe ta?"

Auta ya ɗago kamar an mare shi. "In buɗe? Wallahi ko hannuna zai guntule! Kuma in rasa inda zan ɗora yankakken takalmi sai a kan rigar mahaifina?"

"Wani ya gan ka a wurin?"

"Mai turaren nan. Ya leƙo da jaka a hannu, ya gan ni tsaye, ya ce in yi haƙuri, ya juya."

Walƙiya yana ofishin Shugaba a saman bene. Sufeto ya hau matakalar zuciyarsa na bugawa, don ko ba komai wannan mutumin ne ya sa shi ɓarar da shayi a gaban talabijin ba sau ɗaya ba. Sai ya tarar da wani saurayi shiru-shiru, ya miƙe ƙafar dama a kan kujera, ga safa mai kauri duk da zafin da ake yi.

"Takalmanka nawa ne irin waɗannan?"

"Su ke nan."

"Me ya sa ba ka saka na kowa?"

Walƙiya ya kalli ƙofa. "Oga ne ya san wannan. Shi ke magana a madadina."

"Ka san za a ɗaure wani saboda su?"

Saurayin ya kawar da kai. Sufeto ya miƙa masa hannu don sallama. Walƙiya ya yunƙura ya tashi, sai da ya dafa tebur, kuma duk nauyinsa a ƙafar hagu ya ɗora. Fuskarsa ta yamutse, ya yi sauri ya gyara ta.

Sufeto ya sauko a hankali. Ransa ya ɓaci ƙwarai, domin ya so a ce idonsa ƙarya ya yi masa.

Ya sa aka tara kowa a ɗakin canja kaya. Walƙiya ne ya shigo ƙarshe, yana bin bango.

"Malam Dillali, da ka ce a bincika, me ya kai ka loka ta tara kai tsaye?"

"Ai tasa ce. Lamba tara, mai riga tara. Ni da idona na gan shi da safe ya buɗe ta yana cusa wani abu."

Koci ya yi salati. 'Yan wasan da ke bakin ƙofa suka kalli juna. Shi kansa Shugaba sai da bakinsa ya buɗe, don duk zumuɗinsa ya san lokar Bahago, tashin hankali ne kawai ya rufe masa ido.

"Duk wanda ya taɓa cin abinci a kulob ɗin nan ya san ba a buɗe ƙofar nan," in ji Sufeto. "Baƙo ne kaɗai zai ɗauka ta Auta ce. Ara mini makullinka."

Dillali ya daina kaɗa shi. Sajan ta zare shi daga yatsansa ta ɗaga sama. A cikin haƙoran makullin, koren fenti ne ya maƙale.

"A gabanmu da yatsa ka buɗe," Koci ya ce. "To makullin yaushe ya ci fenti?"

Sajan ta fita da makullin. Ba ta daɗe ba ta dawo da takalmin dama, ta ce a but ɗin motar Dillali ta same shi, a ƙarƙashin tayar ko-ta-kwana. Sufeto ya zura hannu ciki. An cusa masa soso mai kauri, ga wani ƙarfe siriri da aka ɗinke ta gefe don ya tallafi idon sawu.

"Shi ya sa ka bar mana na hagu," in ji shi. "Wannan kuwa, likita na ganinsa magana ta ƙare."

"Sharri ne! Ban san..."

"Oga, ya isa." Walƙiya ne. Ya zauna a benci ya zare safarsa. Idon sawun ya kumbura suntum, ya yi baƙi. "Tun ƙarshen kakar bara nake haka. Allura ake yi mini in shiga fili. Na ce a bar ni in yi jinya, ya ce in an ji darajata za ta faɗi. Ban san zai liƙa wa wani ba sai da na ji ana ihu." Ya dubi Auta. "Ɗan'uwa, ka yafe mini shirun da na yi."

Dillali ya zube a benci. "Sa hannu kawai nake so a yi," ya ce a hankali. "In an biya, sai ya yi jinyarsa. Na ga yaron a gaban lokar, na ce ga wanda kowa zai yarda yana da dalili."

Sajan ta sa masa ankwa. Ƙamshin turarensa ya bi su har waje.

Shugaba ya bi su da kallo. Can ya matso kusa da Auta. "Ɗana, na zalunce ka. Rigarka tana nan." Ya juya ga Koci. "Maganar fili kuma a dakatar. Na kusa sayar da shi a kan ƙafa ɗaya."

"Kada ku sayar ko da ƙafata lafiya lau take," in ji Walƙiya. "Ni ma a irinsa na tashi. Yanzu shaguna ne a wurin."

Koci ya dube shi sama da ƙasa. "Likitanmu ya iya ƙafa. In ba ka da wurin zuwa, zo ka zauna a benci ka nuna wa yarana yadda ake juya baya a buga. In ka warke, sai a yi maganar da hankali zai ɗauka."

Walƙiya ya yi murmushi, na farko tun da ya shigo garin.

Auta ya cire yankakken takalmin ya miƙa wa Sufeto. Ya kakkaɓe rigar mahaifinsa, ya gyara mata ninki, ya tura ƙofar ta rufu. Sannan ya tambayi Koci ko akwai sauran fenti a sito.

Sufeto ya zo fita, ya tsaya. Ya waiga ko ana kallonsa, ya ɗora tafin hannunsa a inda fentin ya dushe. Ashe Sajan ta dawo tana bakin ƙofa.

"Yallaɓai, ba kai ka ce ba renon yara muke nema ba?"

"Ke dai ja mai laifi mu tafi." Ya gyara hularsa, ya juya ga dattijon. "Baba Koci, yaran nan, wace rana suke wasa?"