Kaluluwar Wuyan Auta

"Cire gyalen nan daga wuyanki, Auta," in ji Injiniya.

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da taka keken ɗinki, alhali zaren ma ya daɗe da tsinkewa.

Shekara biyu ke nan da Injiniya, mai gyaran kekunan ɗinki, ya shigo shagon nan gyara, ya ɓige da neman aurenta. Yau ko jakar aikinsa bai riƙo ba.

"Wata uku kina naɗe wuya cikin zafin nan. Me kike ɓoye min?"

Ta warware gyalen. Ƙulluttai uku ne jere a ƙasan kunnenta, ɗaya ya fashe yana tsattsafo da ruwa.

"Ka gani ko? Ka tafi kawai... Ummarka ta aiko min jiya. Wai ciwon daji ne, ɗanta ba zai auri gawa ba!"

Ta san wadda ta kai gulmar. Abokiyar ɗinkinta ce, mai keken bakin ƙofa, wadda kullum kekenta ke lalacewa da zarar ta hango Injiniya.

Ya durƙusa a gabanta cikin tarkacen ƙyallaye.

"Wane likitan ne ya ce daji ne?"

"Ban je ba... Maganin kyamis ya cinye abin hannuna. In aka ce tiyata, ina zan sa kaina?"

"Tashi, rabin raina. Tsoron nan naki ya fi ciwon cin jikinki."

A asibiti aka zuƙi ruwan ƙullutun da allura, aka ɗauki hoton ƙirjinta. Bayan kwana huɗu suka koma. Likitar ta dubi takarda, ta dube ta.

"Ba daji ba ne. Tibi ne, wato tarin fuka."

"Tibi? Ai ba na tari, likita!"

"Ba huhu kaɗai yake kamawa ba. Naki kaluluwar wuya ya kama. Huhunki lafiya lau, ba za ki shafa wa kowa ba. Za ki sha magani kullum har wata shida, ko kin ji sauƙi kada ki tsallake rana."

Da kyar Auta ta iya tambaya, "Nawa ne?"

"A nan kyauta muke bayarwa."

Sai kawai Auta ta fashe da kuka.

Washegari ta kira shi a gigice, fitsarinta ya koma ja!

Ya yi ta dariya. "Maganin ne, sarauniya. Likita ta faɗa, kina can kina ɓare baki ba ki ji ba."

Kowace safiya sai ya kira. "Masoyiyata, an sha?"

Ƙulluttan suka fara sacewa, kumatunta suka dawo. Mai keken bakin ƙofa kunya ta hana ta zama, ta canza shago. Umma kaɗai ta kafe, ko takardar likita ta ƙi dubawa.

A wata na biyar, Auta na yanka yadi, sai ga Umma tsaye a ƙofa. Ta yi maza ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Umma..."

"Matso in ga wuyan."

Umma ta shafa tabon da yatsa. Can ta janye wuyan rigarta. Tsohon tabo ne kwance a nan, irin nata sak.

"Mu biyu ya kama, ni da ƙanwata," in ji Umma. "Ɓoye mu aka yi a ɗaki. Ni na tashi, ita ba ta tashi ba. Da na ji labarinki, ita na gani... Ki yafe min, 'yata."

Auta ta kifa kai a cinyarta, suka yi kukansu tare.

Umma ce ta fara share fuska.

"Saura nawa maganin?"

"Wata ɗaya, Umma."

"To ki shanye shi tas, ni zan riƙa raka ki karɓowa. Yanzu ɗauko tef ki auna ni. Uwar ango ba ta shiga biki da tsohuwar riga!"