Takardar Fadamar Malam Alassan

Da hantsin Talata Cha'ibu direban babbar motar kamiyo ya faɗo komisariyar 'yan sanda ta Gaya kamar an koro shi, ko sallama bai yi ba. Ya ce an shiga ɗakin mahaifinsa an sace takardar fadama, kuma ya san ɓarawon, abin da ya rage kawai a je a kamo shi.

Sufeto Hama ba ya ƙaunar mai ƙarar da ke zuwa da ɓarawonsa a aljihu. Ya nuna masa kujera, ya ce ya ɗauko zancen daga tushe.

Takardar, in ji Cha'ibu, ta girmi zuwan Nasara nesa ba kusa ba. Wani malami da ake kira Alfa Gado ne ya rubuta ta da Larabci, ranar da sarkin wancan zamani ya ba kakansu fadamar bakin kogi, inda suke noman shinkafa har gobe. Yanzu maƙwabcinsu Mutari ya kai ƙara gaban kwamitin filaye yana cewa rabin fadamar nasu ne, an sa zama mako mai zuwa. In babu takarda, babu rabin fadama, don dattawan da suka rage duk na Mutari ne. Mahaifinsa kuwa, Malam Alassan, wanda ya san iyakokin da ka, shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana tun kafin azumi.

"Wa ya taɓa ganin takardar, ban da 'yan gida?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

Suka tafi gidan. Ɗakin tsohon na warin man zafi da turaren wuta. Malam Alassan na kwance, ido biyu, baki a karkace. Matarsa Zuwera, tsohuwa 'yar firit, tana zaune a gefen gado tana kore masa ƙuda da mafici. A ƙasa ga ƙwarya mai baƙin zobe a ciki, irin wadda ake gani a ɗakin kowane majinyaci da ake ba rubutu. Sufeto ya tsallake ta bai ko kula ba.

Akwatin ƙarfe ya jawo daga ƙarƙashin gado. Ba a fasa kwado ba. Ga alkyabba, ga zoben azurfa, ba a taɓa su ba. Gafakar da ake ajiye takardar tana nan, babu kome a ciki, amma an mayar da igiyarta an ɗaure tsaf. Wane irin ɓarawo ne wannan mai ladabi?

"Inna, ina mabuɗi yake kwana?"

"Ƙarƙashin matashin Malam."

"Wa ya shigo gidan nan cikin kwanakin nan?"

Ta daɗe tana kallon maficinta. Sannan ta ce ran Lahadi bayan la'asar, tana fitowa daga madafa, ta ga Mutari yana fita daga zaure da sauri, hannunsa cikin riga.

Maganar tsohuwa ce, a gaban mijinta da ke kwance rai a hannun Allah. Sufeto Hama ya ɗauke ta ya haɗiye ba tare da ya tauna ba, kuma har yau in ya tuna yakan ji kunya. Kafin azahar an kawo Mutari komisariya.

Mutari dattijo ne mai furfura, mai sayar da taki a kasuwa. Ya rantse ran Lahadi yana Malanville, ƙetaren kogi, bai dawo ba sai magariba. Sufeto ya ce to madalla, amma mai shayin ƙofar gidan Malam Alassan ya ce har gaisawa suka yi da la'asar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mutari ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya ya je. Tare aka yi musu kaciya da Alassan, tare suka yi wanka a kogi, ya ji ciwon ya yi tsanani, ƙafa ta kai shi. Da ya isa zaure sai ya tuna shi ne ya kai ƙarar mutumin, kunya ta kama shi, ya juya.

"To me ya sa ka ce kana Malanville?"

"Kada 'ya'yana su ji na je. Su ne suka matsa a kai ƙarar. Amma in takarda kuke nema, ku tambayi matar nan ta Yamai. Ita aka buɗe wa akwati, duk unguwa ta sani."

Ashe Cha'ibu ma ya yi tasa ƙaryar. Duk da haka Sufeto ya sa aka tsare Mutari. Dattijon ya kwana kan siminti, tare da ɓarayin babur.

Washegari ya samu matar. Madam Basira sunanta, malamar tarihi ce daga Yamai, tana yawo daga Bengou zuwa Yélou tana roƙon mutane su bar ta ta ɗauki hoton tsofaffin takardun gonaki. Ta ce ita ba gona take nema ba. Labarin sarakai kowa na da shi a baki, amma irin waɗannan takardun ne ke gaya maka wa ya zauna a ina, wace unguwa ta riga wace, ina kogi ya bi kafin ya canja hanya, su wa aka kira shaida. Ta Malam Alassan ita ce mafi tsufa da ta taɓa riƙewa a ƙasar Dendi duka.

"Kin ɗauki hotonta?"

Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. Ta ce tana fito da wayarta Cha'ibu ya fizge takardar, ya ce so take ta sayar wa Mutari sirrinsu. Layi uku kacal ta karanta: bisimilla, sunan sarki, da sunan Alfa Gado. Iyakoki da shaidu suna ƙasa, idonta bai kai ba.

Sufeto ya tambaya yadda zai gane takardar in ya gan ta. Ta ce ya ɗaga ta ga rana, zai ga jinjirin wata guda uku a jikinta, alamar masu yin takarda na da. Ta kuma roƙe shi, in Allah ya sa an samu, kada ruwa ya taɓa ta, don tawadar wancan zamani gawayi ce da ƙaro, ɗigo ɗaya ya isa. Haka ta gaya wa mutanen gidan.

"Wa kika gaya wa?"

"Tsohuwar. Ita ta rako ni har zaure. Sau biyu tana tambayata, wai da gaske hannun Alfa Gado ne da kansa? Ta ce a wajensu waliyyi ne, har yau mata na ɗibar ƙasar kabarinsa."

Ƙwaryar nan mai baƙin zobe ta dawo wa Sufeto a rai. Bai wuce gidan kai tsaye ba, sai da ya tsaya masallacin unguwa ya yi tambaya ɗaya.

Ya tarar da Cha'ibu a zaure yana jiran labarin Mutari. Ya ce ya biyo shi ciki. Zuwera na nan inda ya bar ta jiya, kamar ba ta motsa ba.

"Inna, rubutun da kuke ba Malam, wa ke yi muku?"

"Liman."

"Liman yana Doso wajen jinyar ƙanensa tun watan jiya. Daga masallaci nake."

Mafici ya tsaya. Sufeto ya durƙusa, ya nemi gafarar tsohon, ya zura hannu ƙarƙashin matashi. Ga mabuɗi, ga kuma wani abu naɗe cikin farin ƙyalle. Ya warware. Takarda ce mai kauri, ta yamutse kamar ganyen da ya sha ruwa ya bushe, fes babu harafi ko ɗaya, sai dusu-dusun toka a gefe. Ya kai ta bakin taga ya ɗaga. Jinjirin wata uku suka fito a jere.

Cha'ibu ya kalli takardar, ya kalli ƙwaryar, ya zame ya zauna a ƙasa.

"Inna, me kika yi?"

Ba ta yi kuka ba. Ta ce an kai shi likita, an kai shi Doso, an yi na Hausa, an yi na Fulani, babu wanda ya buɗe masa baki. Tun tana amarya ake fito da takardar nan sau ɗaya a shekara a shafa wa yara a ka, ba ta taɓa tunanin tana wankuwa ba sai da baƙuwar ta faɗa. Rubutun liman ma ana sha a warke, balle na hannun waliyyi. Ran Lahadi da safe ta yi alwala, ta shimfiɗa ta a ƙwarya, ta zuba ruwa. Ta ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan, har ya shanye.

"Kin san ita ce shaidar fadamar?" in ji Sufeto.

"Na sani, ɗana. Na ce in ya tashi zai faɗi iyakokin da bakinsa, ya fi takarda. Kullum ina sa kunne. Bai ce kome ba."

"Mutari fa?"

Ta ce ta gan shi a zaure da gaske, amma hannunsa ba a cikin riga yake ba, wannan ita ta ƙara. Tsoron ɗanta ta ji.

A kan gado, hawaye na gangarowa daga idon Malam Alassan yana shiga kunnensa. Yana jin kome. Bakin da ya sha iyakokin ya motsa, ya motsa, babu abin da ya fito sai iska.

Cha'ibu ya miƙe ya riƙe hannun Sufeto, ya ce ya janye ƙara, a bar maganar a gida. Sufeto ya ce ƙarar sata tasa ce, yana iya janyewa, amma shaidar zur da ta kwanar da dattijo a kan siminti ba tasa ba ce. Dole Inna ta je ta faɗa da bakinta a rubuta, sannan a buɗe wa Mutari. Bai ƙara da cewa shi ne ya sa hannu a tsarewar ba, amma abin na cinsa. Bai kuma tuna wa Cha'ibu hoton da ya hana a ɗauka ba. Da-na-sani ƙeya ce, kowa a ɗakin nan yana da tasa.

Zuwera ta yafa mayafi. Ta gaya wa ɗanta ya juya mahaifinsa ɓarin dama in an yi azahar, kunun kuma kada ya yi zafi. Ba a sa mata ankwa ba. Sufeto da kansa ya buɗe mata ƙofar mota.

Direban komisariya ya ɗauki hanyar bakin kogi, don ita ta fi kusa, kuma kafin Sufeto ya farga ya hana shi sun riga sun fito fili. Ga fadamar nan shar, shinkafa ta fara ɗaukar ciki. Labarin ɓatan takarda ya riga su isa. 'Ya'yan Mutari uku suna tsakiyarta, ruwa har gwiwa, suna kafa turaku a jere daga bakin hanya zuwa kogi.

Tsohuwar ta manna fuska a gilashi tana kallo har suka wuce. Sannan ta juyo, ta tambayi Sufeto a hankali, ko akwai wani malami a Yamai da ya iya mayar da rubutu kan takarda.

Sufeto Hama ya ce babu, Inna.