Ƙasar Bakin Raga

La'asar ta yi sakaliya a unguwar Kpakungu, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, Magdalina tana baranda tana taka keken ɗinki. 'Yarta Susan, wadda ko firamare ba ta gama ba, tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana feraye doyar dare. Maigidan, Zamani, ba ya nan. Gola ne, shi ke tsare wa wani kulob ɗin ƙwallon ƙafa raga, kuma tun da aka sa ranar buɗe sabon filin wasan da mai kulob ɗin ya gina a hanyar Bida, gaba da Gidan Kwano, aka kwashe 'yan wasa aka kulle a kam, wato sansanin horo, aka karɓe wayoyinsu. Ƙarti ne da gemu da iyali, amma in koci ya ce a kwanta, sai kwanciya.

Wani abu ya faɗo a kan kwano. Magdalina ba ta ɗaga kai ba, don yaran unguwar in ba su jefi mangwaro ba to sun jefi ƙadangare. Wani ya sake faɗowa, wani kuma ya gangaro ya fashe a gaban keken. Ta sunkuya ta duba. Ba dutse ba ne. Curin jar ƙasa ne mai danshi, da ciyawa kore shar a jikinsa, gajeriya, an aske ta daidai. Duk faɗin Kpakungu babu inda irin wannan ciyawa take fitowa.

Tana juya curin a hannu sai ta ji wata ƙara mai nauyi, dum, a bayanta. Ta waiga ta ga wuƙa a ƙasa, Susan kuma ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe, numfashi ya ƙi fita. Ƙarar ta sake zuwa, yarinyar ta yi baya kamar an hankaɗa ta, alhali babu kowa kusa da ita.

"Mama, ana duka na."

Magdalina ta rungume ta, ta rufe ta da jikinta, amma dukan bai san da zamanta ba, ta cikin hannuwanta yake ratsawa ya sami yarinyar. Haka aka yi ta yi har aka kira sallar magariba a masallacin bakin titi. Daga nan abin ya tsaya cak. Da ta ɗaga rigar Susan ta haska, sai ga shaida jajaye zagayayyu, kowace kamar faɗin murfin kwano.

Washegari asibiti suka duba jini, suka duba ƙirji, suka ce ba su ga komai ba. Fasto Irimiya ya zo da matan zumunta, aka yi addu'a aka yi waƙa, yarinyar ta sami barci har da minshari. Amma la'asar na yi, ƙasa ta fara sauka a kan kwano, dukan ya dawo. Sai kuma aka ƙara da murya. In rana ta kusa faɗuwa, a ji wata mata tana zagaya gidan tana kira a hankali, irin kiran da uwa ke yi wa ɗan da ya ɓata a kasuwa, ba a gane sunan, ba a ganin mai kiran. Muryar takan zo ta tsaya a kan keken ɗinki. Durowar keken ta buɗe da kanta, zare ya warware har bakin ƙofa.

Magdalina ta daina cin abinci, ta daina zama wuri ɗaya. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, idonta kullum a kan inuwar katanga, don ta san inda take kaiwa abin ya fara. Tsoro take ji ƙwarai, tana kuma jin haushin mijinta da ke can yana tsalle a kan ciyawa bai san 'yarsa tana ƙarewa ba. Susan ta rame, wuya ya fito, tari ya fara zuwa da jini.

Maman Jamil, maƙwabciyarta ta ɗakin ƙarshe, ita ce ta kawo maganar Malam Ndaceko, wani dattijo Banufe da ke karantarwa a Bosso, wanda aka sani da yi wa masu iska karatu. Magdalina ta yi jim, tana tunanin bakin mutanen coci. Maman Jamil ta ce, "Maman Susan, yarinya tana mutuwa kina lissafin baki? Su bakin za su haifa miki wata ne?" Malam ya zo da hantsi, ya duba shaidar jikin yarinyar, ya shinshina curin ƙasar, ya ce ba zai yi karatu ba sai uban yana wurin.

Ta bar Susan a hannun Maman Jamil ta hau keke napep. Sabon filin tun daga nesa yake ɗaukar ido, farin fenti, kujeru masu launi, dogayen fitilu a sama. Maigadi ya ce ba a shiga, mata ma musamman, dokar koci ce. Ta zagaya ta manna fuska a jikin wayar da ta kewaye filin. La'asar ta yi, an fara atisaye. Ga Zamani can tsakanin ƙarafan raga, 'yan wasa sun yi layi suna sheƙa masa ƙwallo. Na farko ya buga, Zamani ya cafe.

Dum.

Ta ƙanƙame wayar. Wannan ƙarar ta san ta fiye da muryarta. Nan take abin da ta manta ya dawo mata. Ranar da aka fara kai su ganin filin, kafin a kulle su a kam, Zamani ya dawo gida da dunƙulen ƙasa a cikin safa, ya ce daga tsakiyar bakin raga ya haƙo. Al'adar tsofaffin gololi ce, in ji shi, ƙasar da ta san hannunka ba ta cin amanarka. Ita da kanta ta farke bakin safar hannunsa, ta zuba ƙasar, ta ɗinke da zare biyu, tana yi masa tsiya wai tsoho ya ga yaro ya fara neman asiri. Ai kuwa akwai yaron, wani dogo mai suna John da ke zaune a benci yana jiran gwiwar Zamani ta gaza. Tun daga ranar ƙwallo ba ta sake wuce Zamani ba, har koci ya ce shi zai tsaya ranar buɗe fili.

Ta girgiza wayar da hannu biyu ta kwarma ihu. "Baban Susan! Kar ka kama! Ka bar ta ta wuce!" 'Yan wasa suka kwashe da dariya, suna cewa madam ta koma wa abokan gaba. Zamani bai yi dariya ba, don ya ga fuskarta.

Ta gaya masa halin da ake ciki, ya bar atisayen ya biyo ta. Rana tana gab da faɗuwa suka iso gida. Malam Ndaceko ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Susan, aka ajiye safar hannun a gabansa. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa, ba gaggawa. Kaji suka yi tsit. Hayaƙin murhun maƙwabta ya tsaya a sama ya ƙi tafiya. Karatun ya yi nisa, sai yarinyar da ba ta iya ɗaga kofi ta tashi zaune tsaf, ta miƙe ƙafafu irin zaman tsofaffi, ta buɗe baki. Muryar da ta fito ita ce mai zagaya gidan.

"Ka daina ƙona ni, Malam. Ba da kai nake ba."

"Da wa kike?"

"Da ɓarawo, da wadda ta ɗinke masa."

Malam ya ce ta faɗi abin da aka sata. Muryar ta ce tun Turawa ba su sauka Zungeru ba take zaune a wurin nan. Aka zo da manyan motoci aka tumɓuke itatuwanta, ta yi haƙuri. Aka baje tudunta aka shuka ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci, ta yi haƙuri, ta koma ƙarƙashin ƙasa a ɗan wurin da ya rage mata, tsakanin ƙarafa biyu. A nan ta kwantar da jaririyarta. Sai wannan mutum ya sa hannu ya kwashe ta da shimfiɗarta.

"Kullum la'asar yana tare duka da jikin 'yata. Tana jin zafi, tana janyo ƙwallon zuwa kanta don dukan ya ƙare da wuri, shi kuwa ana tafa masa. Na ce to bari tasa ta ɗanɗana."

Zamani ya durƙusa, ya ce wallahi bai sani ba. Magdalina ta dubi safar. Ta zo da niyyar tsine wa wannan abu, sai ta sami kanta tana tuna yadda ta ja zaren nan ta ƙulle tam, kuma kunya ta rufe ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ko da ɗayar ba a ganin ta.

Malam ya ce, "An zalunce ki, ba mu musa ba. Amma yarinyar nan ba ta ɗebi ƙasa ba, ba ta riƙe allura ba. Zalunci ba ya wanke zalunci. Faɗi abin da zai fitar da ke."

"A rushe ginin."

"Wannan ba ya hannun kowa a gidan nan. Kar ki nemi abin da kin san babu."

"To hannuwansa. Su bushe."

Malam ya koma karatu, ya ɗaga murya. Jikin Susan ya ɗauki rawa, muryar ta yi ƙara tana cewa ya isa, ya isa. Da ya tsaya sai ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"A mayar mini da 'yata inda aka ɗauke ta. Hannun da ya ɗinke shi zai farke. Shi kuma kar ya sake tsayawa a ƙofar ɗakina. Wasu su tsaya, ban san warinsu ba. Shi na san nasa. Ran da ya taka wurin, ran nan zan dawo, kuma ba zan tafi ni kaɗai ba."

Malam ya juya ya dubi Zamani. Duk tsakar gidan aka dube shi. Mutumin nan tun yana saurayi yake faɗuwa a kan tsakuwa da burji, gwiwoyinsa duk tabo, yana cewa wata rana zai tsaya a filin gaske jama'a su kira sunansa. Ga filin ya zo, Asabar ce ranar, kuma a shekarunsa babu wani kulob da zai ɗauke shi. Ya buɗe baki bai yi magana ba. Shirun bai daɗe ba, amma Magdalina ta ji shi, kuma ya yi mata ciwo har cikin ƙashi.

"Na yarda," in ji shi. "Ba zan sake ba."

Malam ya sa muryar ta rantse da Wanda ya halicce ta. Ta rantse. Susan ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta, ta ce da muryarta ta yara, "Mama, yunwa."

Da sassafe suka je filin, maigadi ya buɗe musu don Malam ya yi masa magana. Zamani ya tsaya a bakin layi. Magdalina ta taka ciyawar ita kaɗai har bakin raga, ta tsuguna, ta farke ɗinkin da reza, ta zazzage ƙasar a hankali kamar mai kwantar da jinjiri, ta shafa wurin da tafin hannu. Ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa," ta tashi ba ta waiwaya ba. Zamani ya je ya gaya wa koci gwiwarsa ta ƙi, koci ya yi faɗa ya gaji ya sa sunan John.

Ranar Asabar gari ya ɗauka tun safe, motoci da ganguna suna ta wucewa hanyar Bida. Susan tana baranda tana cin ƙosai da kunu, fuska ta fara cikowa. Zamani yana zaune a kan benci yana gyara fankar da ba ta lalace ba. Da azahar wayarsa ta yi ƙara. Magdalina tana daga ƙofar kicin tana jin muryar koci tana fitowa: John ya gurɗe a wurin ɗumama jiki, babu wani golan kirki, mota tana hanya, ya tsaya ko da ƙafa ɗaya ne, gwiwa ba ta kashe mutum. "Abeg, Zamani, yau ne fa. Mutane sun cika."

Magdalina ta tsaya riƙe da ludayi. Ba ta roƙe shi ba, ba ta kira sunan yarinyar ba. So take ta ji da kunnenta ko shirun nan zai dawo.

Bai dawo ba. "Koci, ka ce wa motar ta juya," in ji Zamani. "Na gama."

Ya kashe wayar, ya shafa kan Susan, ya ɗauki bokiti ya shiga banɗaki. Rediyon maƙwabcinsu Baban Jamil yana ta ihu filin ya cika maƙil, an busa usur. Magdalina ta ji ruwa yana zuba a bayan ƙyauren langalanga, yana zuba, har ya ƙare. Mutumin bai fito ba, kuma yanzu babu abin da zai rufe sautin kukansa. Ta ɗebo wani bokitin ta tura masa ta ƙarƙashin ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da 'yarta, ta ce wa Baban Jamil don Allah ya ƙara muryar rediyon.